Kasuwar Bisashe Ta Masu Bisashe Ce



Tun daga babban farin 1973 zuwa yau, shekara hamsin ke nan da ɗoriya ana zuwa mana da fararen motoci masu tambari a jikin ƙofa, ana cewa an zo a fitar da makiyayi daga talauci. A tara mu ƙarƙashin itace, a rubuta sunayenmu, a ɗauki hoto, a tafi. Bayan shekara uku ko biyar furoje ya ƙare, motoci su koma Yamai, a bar mana allon ƙarfe a bakin hanya yana tsatsa. Duk wanda ya kai shekara arba'in a cikinmu ya ga irin wannan allo ya fi a ƙirga. To, maganarmu a wannan fitowa guda ɗaya ce. Kuɗin da za su tayar da garuruwanmu da rugagenmu suna nan cikin kasuwar bisashe kowane mako. Mu muke koro su zuwa kasuwa da ƙafafunmu, kuma mu ne ba mu san inda suke shiga ba. Ranar da masu dabbobi suka sa hannu cikin riƙon littafin kasuwa, ranar ce za a fara yaƙi da talauci na gaskiya.

Ina kuɗin tikiti suke shiga?

Ku dubi ranar kasuwa a Abalak, ko Dakoro, ko Tanut, ko Badagishiri, ko Tunfafi, ko Balleyara. Tun da asuba ƙura ta tashi, garke na bin garke, manyan motoci sun yi layi suna jiran lodi zuwa Illela da Jibiya da Mai'aduwa da Maigatari, daga can kuma har Kano da Legas. Shekara da shekaru dabbobi ne suka zo na biyu bayan ƙarfen yuraniyom wajen kawo wa ƙasar Nijar kuɗi daga waje, kuma babu ma'aikacin da ya taɓa musun haka. A kan kowane sa da ya shiga kasuwa akwai mai ci. Mai tikiti ya karɓa, dillali ya ɗauki la'adarsa, ƴan lodi da mai mota da mai riƙon igiya kowa da rabonsa. Ba mu hana kowa cin guminsa ba. Tambayarmu ita ce: wanda ya yi shekara biyar yana bin wannan sa, ya ja masa ruwa daga rijiya mai gaba talatin, ya kwana da shi cikin sanyi da ruwan sama, me ya komo masa daga abin da aka tara?

A kasuwanni da yawa amsar tana gaban ido. Dabba ta yi tafiyar kwana biyu, ta iso babu ruwan da za ta sha sai an saya jarka-jarka. Babu shingen da za a tsare ta in ta kwana. Babu wurin lodi na kirki, sai a tura ta kan tudun ƙasa, in ta zame ta karye mahauta su saye ta da rabin kuɗi. Babu ɗakin maganin dabbobi, sai masu tallar allura a rana, wadda ba a san daga inda ta fito ba. Matan da suka kawo nono da man shanu suna zaune a ƙasa babu inuwa.

Mu yi lissafin da kowa zai iya yi da yatsunsa. A ce kasuwa tana sayar da shanu 200 a mako, a ce kuma jika guda ake karɓa a kan kowane kai. Jika 200 ke nan a mako. A mako 52 na shekara ya zama jika 10,400, wato sefa miliyan 10 da dubu 400. Ba mu sa tumaki da awaki da raƙuma da jakai ba. Wannan misali ne kawai, kowace kasuwa da yawanta da farashin tikitinta. Amma kowa ya ɗora lissafin a kan kasuwar garinsu, ya ninka shi da shekara ashirin, sa'annan ya waiwaya ya duba ko akwai kwamin shan ruwa guda da aka gina da shi.

Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004 aka kafa komin-komin, an ce mana mulki ya sauko kusa da talaka, harajin gari zai zauna cikin gari. Mun yi murna. A yankunan kiwo kowa ya san kasuwar bisashe ita ce babbar saniyar tatsar komin. Amma lokacin da ake zaman tsara kasafin kuɗi, yawancinmu muna can wajen neman ciyawa, wasunmu ko takardar haihuwa ba su da ita balle su tsaya takara. Sai kuɗin su tafi ga albashi da man mota da alawus na zama. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun aka naɗa kantomomi a madadinsu. Da zaɓaɓɓe da naɗaɗɗe, tikiti bai daina fita ba ko mako guda, tambayarmu ma ba ta sake ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma ɓarnar da ta riga tikiti, wato ciniki a ɓoye. Makiyayi ya miƙa igiyar sansa ga dillali, a ce masa ya je ya zauna inuwa ya sha shayi. Ba ya ganin mai saye, ba ya jin tayi. A misali, a sallama sa a kan jika 340, a zo a ce masa an sayar 300, kuma a cire la'ada daga cikin 300 ɗin. Jika 40 da suka ɓace a tsakani sun isa hatsin gida na kwanaki masu yawa. Ba duk dillalai ke haka ba, akwai masu tsoron Allah da muka gada tun iyaye. Amma tsarin da ya hana mai kaya jin kuɗin kayansa, ko waliyyi aka sa a ciki an sa shi cikin jarraba.

Abin da mutanen Gogunu suka yi

Kada wani ya ce mafarki muke. Gogunu gari ne a arewacin ƙasar Benin, a kan hanyar da ta tashi daga Malanbil ta bi ta Kandi zuwa Faraku. Waɗanda suka saba ƙetara kogin Isa ta Gaya a shekarun baya sun san shi. A cikin shekarun 1970 makiyayan wurin suna fama da irin ciwon da muka zana a sama. Da suka gaji, sai suka haɗa baki suka daina kai ko akuya guda kasuwa. An yi musu barazana, an kulle wasu daga cikin shugabanninsu don a tilasta musu, suka ƙi. Cikin kamar wata biyu kasuwa ta durƙusa, domin kasuwar shanu ba ta ci sai da shanu.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin. Ba su kori dillalai ba. Sun sake musu aiki, suka zama shaidu. Mai saye da mai sayarwa su yi ciniki fuska da fuska, shaida yana tsaye, in an sallama ya rubuta, ya karɓi ɗan kuɗin da aka yanka a kan kowane kai, a ba shi ladansa daga ciki. Ko dattawan gari da suke da abin ci a tsohon tsari ba a bar su hannu sake ba, an ware musu rabo don kada su zama abokan gaba. Daga baya aka kafa kwamitin da ya haɗa makiyaya da manoma masu kiwo da mahauta da fatake da ƴan lodi. A 1995 suka zama ƙungiya mai rijista da dokokinta a rubuce, kuɗi suna shiga asusun banki, kowace dabba da aka sayar tana da takarda.

Me aka samu? Makiyayi ya san kuɗin dabbarsa, don haka ya fi son ya kawo ta nan, shanu suka yawaita, fatake suka biyo su. Ɓarawo ya rasa wurin sayar da abin sata, tunda sai an rubuta sunan mai sayarwa gaban shaida. Daga asusun kasuwa aka gyara kasuwar kanta, aka buɗe wurin sayar da maganin dabbobi, aka taimaka wajen gina makarantu kusa da rugage da karatun manya. Wasu kasuwanni suka zo suka gani suka kwaikwaya, har a 2001 suka haɗu cikin ƙawance guda. Daga wannan tushe ne ƙungiyoyin makiyayan arewacin Benin suka taso, har aka kai ga kafa babbar ƙungiyarsu ta ƙasa, ANOPER, a 2007.

Furoje sun zo Gogunu, sun taimaka da gini da horo, ba mu ɓoye wannan ba. Amma sun tarar da abu a tsaye suka ƙara masa ƙarfi. Haka kuma da aka kafa komin-komin a Benin a 2003, magadan gari sun tarar da mutane masu littafi da asusu da shugabanci. An yi ja-in-ja a kan rabon kuɗi, amma dole aka zauna da su aka yi magana, domin wanda ya san yawan shanun da aka sayar ba a iya yi masa rufa-rufa.

Amsarmu ga masu cewa ba zai yiwu ba

Na farko su ne masu cewa makiyayi bai yi lakkol ba, ina shi ina riƙon asusu. Wannan magana ta tsufa. Mutumin da ya san shanu ɗari kowace da sunanta, ya san uwarta da kakarta, ya san wadda aka ba shi amana da wadda ya gada, a ce masa bai san lissafi ba? Tun kafin a haifi furoje na farko muna da haɓɓanaye. Wanda fari ko ciwo ya cinye wa garke, ɗan'uwansa ya ba shi karsana, ya sha nononta, ta haihu sau biyu ko uku gwargwadon al'adar wuri, ƴaƴan su zama nasa, ya mayar da uwar. Babu takarda, babu jandarma, kunya da amana ne suke tsaron ta. Garake nawa ne suka tashi ta wannan hanya bayan 1974 da bayan 1985? Har ƙungiyoyin agaji suka ara, suna raba wa mata jajayen awakin Maraɗi da sunan haɓɓanaye. Ku dubi kuma Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara da matan karkarar Maraɗi a 1991. Mata ne da yawancinsu ba su taɓa riƙe alƙalami ba, suna zuba abin da ya sawwaƙa cikin akwati kowane mako, suna ba juna rance, suna rabawa a ƙarshen zagaye. Yau ana koyi da tsarinsu a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Idan matan ƙauye sun riƙe akwati shekara talatin da ɗoriya, me zai hana mazajensu da ƴan'uwansu riƙe littafin kasuwa? Rubutu kuwa aikin magatakarda ne, kuma ƴaƴanmu da suka gama lakkol suna nan zaune babu aiki. A ɗauke su a biya su.

Na biyu su ne ƴan'uwanmu dillalai, masu tsoron za a raba su da abincinsu. Mun san darajar dillali. Shi ne mai masaukin baƙo, shi ke ba da ruwa da tabarma, shi ya san fataken da ke biya da masu cin bashi, shi ke tsayawa in an ce dabba ta sata ce. A wannan zamani da satar shanu ta addabi kudancin Maraɗi da Tawa da yankin Tillaberi, kasuwa tana bukatar mutumin da ya san fuskoki fiye da kowane lokaci. Abin da muke nema shi ne a san ladan dillali a fili, a yanka shi kowa ya ji, mai kaya ya tsaya a ji tayi da kunnensa. Yau kusan kowane saurayi a ruga yana da salula, kafin ya iso kasuwa ya kira Maigatari ya ji farashi. Cinikin ɓoye kwanansa ya ƙare ko mun so ko mun ƙi. Dillalin da ya zama shaida mai lada sananne zai ci abincinsa da mutunci har ya bar wa ɗansa.

Na uku su ne ma'aikatan komin, masu cewa doka ta ba su kasuwa. Gaskiya ne, kuma ba mu zo da ƙin biyan haraji ba. Mun fi kowa sanin haraji tun zamanin jangali. Amma dokar ba ta hana komin ya yi yarjejeniya a rubuce da ƙungiyar masu amfani da kasuwa ba, a ce ga rabon komin, ga rabon gyaran kasuwa, ga ladan ma'aikata. Kuma mu faɗa musu abin da suka sani a zuci: inda mai tikiti ke aiki shi kaɗai babu mai duba shi, ba duk abin da aka karɓa ke isa ofis ba. Inda masu dabbobi suke ƙirga tare da shi, kowane kai sai ya shiga littafi. Komin da ya yarda a raba da shi a fili zai iya samun abin da ya fi wanda yake samu yanzu a duhu.

Na huɗu su ne masanan biro, masu cewa talaucin makiyayi daga halinsa ne, wai yana tara shanu don alfahari ba ya son sayarwa. To su wa ke cika motocin da ke tafiya kudu kowane mako? Makiyayi yana sayarwa, amma ba ya sayar da uwar garke, kamar yadda manomi ba ya cin irin shuka. Abin da ke karya mu sau da yawa daga nesa yake zuwa. A 1984 fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, har mutane suka sa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. A 2016 naira ta faɗi, farashin shanu ya bi ta. A watan Agusta na 2019 aka sake rufe iyakar har zuwa Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Yuli na 2023 aka sa wa ƙasa takunkumi, hanyoyi suka toshe wata da watanni. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba makiyayi ya jawo shi ba. Ba mu da iko a kan iyaka, ba mu da iko a kan naira, ba mu da iko a kan ruwan sama. Abin da ke kusa da hannunmu shi ne kasuwar garinmu, shi ya sa muka nace a kanta.

Gini ba shi ne kasuwa ba

Ba mu raina taimako ba. A 2015 Bankin Duniya ya fara shirin PRAPS don tallafa wa kiwo a ƙasashe shida na Sahel, da Nijar a ciki, da kuɗi dalar Amurka miliyan 248 a zangon farko. Ta irin waɗannan shirye-shirye an gina kasuwanni da shingayen allura da wuraren ruwa, kuma wanda ya sha ruwan rijiya ba ya zagin mahaƙinta. Amma katanga da ƙofar ƙarfe ba su ne ke tafiyar da kasuwa ba. Tambayar da ya kamata a fara yi kafin a aza tubali ita ce: wa zai riƙe mabuɗi, wa zai gyara fanfo in ya lalace, daga wane asusu? Mun ga wuraren da aka gina ba a tambayi masu shanu ba, aka kafa su inda babu ruwa ko nesa da burtali, jama'a suka ci gaba da cinikinsu a tsohon fili, sabon gini ya zama makwancin awaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ku tuna 2010. Damanar 2009 ba ta yi kyau ba, ciyawa ta ƙare tun kafin bazara, shanu suka rame har ana ɗaga su da itace. An sayar da shanu a kan kuɗin da a shekarar lafiya ko tunkiya ba su saya. Dusar taimako ta iso wurare da yawa bayan dabbobi sun riga sun faɗi, waɗanda suka rage kuma ruwan farko mai ƙarfi ya ƙarasa da yawansu. Kowane makiyayi ya san dusar alkama da gurya sun fi araha bayan kaka, sun fi tsada a watan Mayu da Yuni. Kasuwar da ke da asusunta za ta iya sayen abincin bisashe da wuri ta zuba a rumbun tsimi, ta sayar wa mutanenta da sauƙi lokacin tsanani, kuɗin su dawo asusu don baɗi. Wannan ba ya bukatar jiran wata takarda ta je Yamai ta wuce Turai ta dawo. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kuma kada a manta doka ma ba daga sama ta faɗo mana ba. Kundin dokokin karkara na 1993 ya amince da haƙƙin makiyaya a kan wuraren da suka saba zama. Dokar kiwo ta 20 ga watan Mayu na 2010 ta ce tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi wanda hukuma za ta kare, ta kuma hana wani ya mallake filin kiwo shi kaɗai. Shekaru aka yi ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, wadda aka kafa a 1990, suna kai da kawowa kafin a sa mata hannu. Amma doka a takarda ba ta kafa alamar burtali, ba ta biyan kuɗin motar wakilin da zai je gaban hukumar filaye in an nome mashaya. Duk wannan kuɗi yake ci. Ƙungiyar da ke jiran furoje ya ba ta kuɗin mai, bakinta a ɗaure yake. Wadda ke da rabo daga kasuwarta tana iya magana da ƙarfi.

Mu gyara namu gidan

Akwai haɗari, kuma gara mu faɗe shi da bakinmu tun kafin abokan hamayya su faɗa. Kwamiti ma yana iya zama sabon dillali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan aka bar shugabanci hannun masu manyan garake biyu ko uku, ko hannun ɗan birnin da rabonsa da bin saniya tun yana yaro, to an sake wa kura suna ne kawai. Don haka duk kasuwar da za ta bi wannan hanya ta ɗaure kanta da sharuɗɗa tun ranar farko.

A yi babban taro sau ɗaya a shekara, lokacin da garake suke kusa, kada a sa shi lokacin da aka san mutane sun yi nisa. A karanta abin da ya shiga da abin da ya fita da babbar murya, da Hausa da Fulatanci da Buzanci da Zabarmanci gwargwadon mutanen wurin. A kafa allo a bakin kasuwa, kowane mako a rubuta yawan dabbobin da aka sayar da kuɗin da aka tara. Kada kuɗi su fita daga asusu sai da sa hannun mutum uku. Shugaba ya yi wa'adinsa ya sauka. Masu binciken asusu su zama daban da masu riƙe shi, kuma kada su zama ƴan gida ɗaya.

A ba mata kujera ta gaske, domin yawancin awaki da tumakin da ke shiga kasuwa nasu ne, nono da abincin da ake sayarwa ma nasu ne. A ba mai akuya biyar murya daidai da mai shanu ɗari, tunda talaucin da ake magana a kansa a gidansa yake kwana. A sa mahauta da ƴan lodi da ƴan kora. A sa manoma masu turka rago da sa, domin su ma masu dabbobi ne. Wannan na ƙarshe yana da wani amfani da ya wuce kuɗi. Ba mu manta da Toda ba, a jihar Maraɗi, inda a watan Oktoba na 1991 aka hallaka mutane sama da ɗari, yawancinsu mata da yara, a kan rikicin gona da kiwo. Manomi da makiyayin da suke zama tabarma ɗaya kowane mako suna ƙirga kuɗi ɗaya, in ɓarna ta faru a gona sun san ƙofar juna kafin a kai ga sanda.

Abin da muke kira a yi

Ga hukumomin komin, muna neman a bayyana wa jama'a abin da kasuwar bisashe ta kawo a shekarar da ta wuce da abin da aka yi da shi, sa'annan a zauna da masu kasuwa a rubuta yarjejeniyar rabo. Ga masu furoje, kada a sake aza tubalin kasuwa ko haƙa rijiya sai an san kwamitin da zai riƙe ta, kuma masu dabbobi ne suka zaɓe shi da kansu. Ga fatake da dillalai, ƙofa a buɗe take, kujerunku suna nan cikin kwamiti, ku zo a yanka lada a fili. Falke mai gaskiya ba ya asara don an rubuta cinikinsa, takardar ma ita ce za ta kare shi a hanya in an tare shi ana tambayar asalin shanu.

Ga ku kuma ƴan'uwa makiyaya, aiki na farko ba ya bukatar izinin kowa. A kowace kasuwa a samu mutum uku ko huɗu masu amana, da yaro guda mai rubutu. Su zauna bakin kasuwa mako huɗu a jere, su ƙirga shanu da raƙuma da ƙananan bisashe da aka sayar, su rubuta abin da aka karɓa a kan kowane kai. Ku kawo wannan takarda taron reshenku, ku sanar da arɗo da rugga da sarkin gari, a tafi ofishin komin tare, cikin ladabi, da lissafi a hannu. Mutanen Gogunu sun kai ga janye shanunsu don an ƙi sauraron su. Muna fata a nan ba sai an kai can ba, amma kowa ya sani igiyar sa a hannun mai shi take kafin ta shiga hannun wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mun daɗe muna riƙon ƙaho wasu suna tatsa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bakin rijiya da wajen shan shayi. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana bisashenmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.